Sedona: Abin da Ake Saye a Yawon Duwatsun Boteks

Daga filin jirgin saman Phoenix zuwa garin Sedona, a jihar Arizona ta Amurka, tafiyar awa biyu ce a mota idan hanya ba cunkoso, kimanin kilomita 190. Ana bin babbar hanya mai lamba 17 a nufi arewa, a sauka a mafita ta 298, a hau hanya mai lamba 179. Har zuwa nan ba abin da zai ɗauki ido, ƙasa ce mai ruwan toka, sai ƙaya da ƙananan itatuwa. Ka ɗan taɓa tafiya a kan 179 ɗin, ka sha wata kwana, sai jajayen duwatsu su tsaya maka a gaba kamar an shafe su da manja. Wanda ke hannun dama mai siffar ƙararrawa shi ne Bell Rock, kuma yana cikin wurare huɗu da mutane ke biyan kuɗi a kai su, domin a cewarsu ƙasa tana fitar da wani ƙarfi a wurin.

Sunan da suke kiran irin wannan wuri shi ne boteks. Asalin kalmar guguwa take nufi, ko ruwan da ke juyawa yana nutsewa ta tsakiya kamar yadda ake gani idan kogi ya kawo. Masu wannan aƙida sun ce a wasu wuraren ƙarfin daga ƙasa yake ɓullowa ya yi sama, a wasu kuma shiga ƙasa yake yi. Na farkon suna ce masa namiji, wai yana ƙara kuzari. Na biyun mace, wai yana kwantar da hankali. Airport Mesa namiji ne, Cathedral Rock mace ce, Boynton Canyon ya haɗa biyun. Bell Rock kuwa ko su ba su daidaita a kansa ba: jagorarmu ta ce namiji ne, ƙasidar da na ɗauka a masauki ta ce ya haɗa duka.

Maganar ba tsohuwa ba ce, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai zuwa ya sani. Wata mata mai suna Page Bryant, wadda ke cewa tana karɓar saƙo daga ruhi, ita ce a 1980 ta ambaci waɗannan wurare da sunan boteks. Abin ya bunƙasa a ranakun 16 da 17 ga Agustan 1987, lokacin da dubban mutane suka taru a garin domin wani taron zaman tunani na duniya da wani marubuci mai suna José Argüelles ya yi kira a yi, bisa lissafinsa na tsohuwar kalandar mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya. Har yau ana ba da labarin waɗanda suka kwana a gindin Bell Rock suna jiran dutsen ya buɗe jirgin wata duniya ya fito. Garin kansa ya samo sunansa a 1902 daga Sedona Schnebly, matar mutumin da ya fara riƙe gidan waya a wurin. A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su kai dubu goma ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun kai kimanin miliyan 3. Bahaushe ba baƙo ba ne ga zancen dutse mai iskoki, wanda ya san labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala zai gane salon maganar nan take. Bambancin kawai, a nan ana kama wuri ta intanet kuma ana ba da rasit.

Duwatsun nan huɗu ba su da ƙofa, ba su da mai gadi. Suna cikin gandun dajin gwamnatin tarayya mai suna Coconino, kowa na iya zuwa da ƙafarsa. Abin da ake biya shi ne kuɗin ajiye mota, wata takarda da ake kira Red Rock Pass: dala 5 ta yini, dala 15 ta mako, dala 20 ta shekara lokacin da na je. Ana cirarta a injin da ke bakin yawancin hanyoyin hawa, a ajiye ta a gaban gilashin mota yadda ma'aikaci zai gani. To idan haka ne, me mutum ke saye in ya biya kamfanin yawo? Abu uku ne: kujera a motar da ba kai za ka nema mata wurin fakin ba, mutumin da ya san hanya da lokaci, sai kuma magana. Biyun farko suna da daraja ta gaske. Na ukun ya danganta da wanda Allah ya haɗa ka da shi.

Yawon iri uku ne. Akwai na jif buɗaɗɗiya, awa biyu zuwa biyu da rabi, ana bin hanyoyin dutse ana girgiza, a tsaya nan da can a ɗauki hoto. Kamfanin Pink Jeep mai motoci ruwan hoda tun 1960 yake wannan sana'a, kuma akwai wasu da dama. Mai ciwon baya da mai juna biyu su kauce wa wannan, kujerar baya kuma ta fi kowace jijjiga. Akwai na ƙaramar bas, mutum shida zuwa goma, awa uku ko huɗu, ana sauka ana tafiya da ƙafa zuwa wuri biyu ko uku. Sai na keɓe, kai da jagora kaɗai ko da iyalinka, rabin yini, wanda galibi a cikinsa ake yin abin da suke kira warkarwa. Biyun farko sukan kama dala ɗari ko fiye ga mutum ɗaya, na keɓen kuwa ɗaruruwa ne. A ƙara da tukuicin jagora, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin yawon. A Amurka wannan al'ada ce da ake sa rai da ita, ba a ɗauke ta a matsayin alheri ba.

A unguwar kasuwa da ake kira Uptown za ka ga rumfuna da yawa da allon da ke cewa ofishin bayani ne ga baƙi, suna tallar tikitin yawo a rabin kuɗi. Na shiga ɗaya. Tambaya ta uku da saurayin ya yi mini ita ce ko ina da aure, ta huɗu nawa nake samu a shekara. Sharaɗin rangwamen shi ne ka ba da awa ɗaya da rabi ko biyu ka zauna a yi maka tallar sayen haƙƙin kwana a wani gidan hutu na mako ɗaya kowace shekara. Wanda kwana biyu kawai gare shi a garin ya yi asarar safiya guda ke nan. Ofisoshin bayani na gaskiya biyu ne: na ƙungiyar 'yan kasuwar garin a titin Forest Road, da na hukumar gandun daji a kan hanyar 179 kafin a shiga ƙauyen Village of Oak Creek. A na biyun ne ake samun taswirar hanyoyin ƙafa da labarin inda aka rufe.

Kafin ka biya masu kamfanin yawo, ka kira su a waya, kada ka tsaya ga abin da suka rubuta. Ka tambayi ko suna da lasisin hukumar gandun daji, domin duk mai kai mutane cikin dajin don kuɗi dole ya mallake shi, kuma inshora tana cikin sharuɗɗansa. Lasisin yakan fayyace hanyoyin da aka yarda kamfanin ya bi, shi ya sa wani zai rubuta boteks huɗu a talla amma biyu zai taka da kai, sauran biyun ya nuna maka su da yatsa daga nesa. Ka tambayi wanne za a taka, wanne za a hanga, tafiyar ƙafa kilomita nawa ce, mutum nawa ne a motar. Sannan ka tambayi abin da za a sa ka yi. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi muhimmanci ga Musulmi, da Kiristan da ke kula da addininsa. Wasu jagororin tarihin ƙasa da sunayen itatuwa za su ba ka, su bar ka ka zauna shiru. Wasu kuwa za su turara ka da hayaƙin ganye, su kaɗa ganga, su sa a fuskanci kusurwoyi huɗu ana kiran ruhohinsu, su ce ka roƙi dutse ko ka ajiye masa taba. Idan ka faɗa tun farko cewa kallo da tafiya ka zo yi, ba za ka shiga addu'arsu ba, ba wanda zai ga baƙinka. Sun saba.

Na ɗauki na ƙaramar bas, ranar Alhamis a tsakiyar Oktoba, mu bakwai. Rana na fitowa wajen shida da rabi a wannan lokaci, ƙarfe bakwai muna Airport Mesa. Wurin fakin da ke gindin tudun bai wuce na mota goma ba, kuma tuni ya cika. Wanda ya zo da motarsa ya tarar da haka sai ya wuce sama zuwa babban filin da ke kusa da filin jirgin garin, ya biya 'yan daloli, ya gangaro da ƙafa kimanin kilomita ɗaya. Hawan tudun kansa minti goma ne, da igiyar ƙarfe a gefe inda ya yi tsaye. Samansa dutse ne sumul, ba inuwa ko ta tsinke, amma daga nan kana ganin kusan komai: Cathedral Rock da Bell Rock da Courthouse Butte ta kudu, Thunder Mountain da dutsen da ke kama da butar kofi ta arewa. Ga wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi kuma wuri ɗaya zai iya zuwa, wannan ne.

Jagorar, wata dattijuwa mai hular kaba, ta zaunar da mu a kan dutsen, ta ce a rufe ido, a ja numfashi mai zurfi a sake, a ɗora tafin hannu a ƙasa. Minti goma aka yi a haka. Da aka buɗe ido, mace ɗaya ta ce yatsunta na tsikari kamar tururuwa na bi, wata tana share hawaye, mijinta ya ce shi dai sanyin dutse ya ji a cinyarsa. Tsikarin yatsu abu ne da aka sani: dogon numfashi a jere yana rage wa jini, fiye da kima, irin iskar da jiki ke fitarwa, sai yatsu da leɓe su fara haka, ko a ɗakinka ka yi za ka ji. Ga shi kuma garin yana da tsayin kusan mita 1,330 daga teku, ya ɗan ɗara Jos, wanda ya sauko jiya daga birnin bakin teku ya hau tudu da sassafe dole zuciyarsa ta buga. Hawayen kuwa ba na raina su. Mutum ya shekara bai zauna minti goma ba waya a hannunsa ba, ka ajiye shi a gaban irin wannan halitta, abin da ke cikinsa zai taso.

Daga nan ta fito da sanduna biyu na jan ƙarfe, kowanne an lanƙwasa shi kamar kwana, ta riƙe su a hannu biyu tana tafiya a hankali. Da ta iso tsakiyar dutsen sai suka juya suka haɗe. Kowa ya gwada, kusan kowa suka juya masa. Dalilin shi ne sandar tana lilo a cikin dunƙulen hannu, karkacewar wuyan hannu da ido ba ya gani ta isa ta juya ta, kuma hannu yana bin abin da zuciya ke jira. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: ka zura gindin kowace sanda a bakin kwalba, ka ajiye kwalaben a kan dutsen, ka tsare su daga iska. Ba za su motsa ba. Na ɗora kamfas a wurin, allurarsa ta tsaya inda take tsayawa a harabar masauki.

Na ce mata, "Malama, an taɓa auna ƙarfin nan da na'ura kuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba abin da na'ura ke kamawa ba ne, ɗana. Jiki ne ke ji. In ba ka ji ba, ai ka ga duwatsu."

Na ga gaskiyarta a wannan amsa, ta fi ta waɗanda ke cewa ƙarfen da ke cikin dutsen ne ke jawo maganaɗisu. Ƙarfen yana nan, amma tsatsa ce, wani siririn rufi a jikin kowace ƙwayar yashi, shi ne ya ba dutsen jan launinsa. Dutsen yashi ne da ya taru kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce a lissafin masana ƙasa. Idan ka duba jikin tsaunukan za ka ga wani siririn layi mai ruwan toka ya ratsa su kamar ɗamara, wannan farar ƙasa ce da teku ya bari lokacin da ya rufe wurin, farin da ke can sama kuma tsoffin tuddan rairayi ne da suka daskare.

Hujja ta biyu da kowane jagora ke nunawa ita ce bishiyar junifa. Gajeriya ce, ɓawonta zare-zare kamar tsohuwar igiyar rama, 'ya'yanta shuɗaye masu ƙura-ƙura. Da yawansu jikinsu a murɗe yake kamar an matse wanki, sai a ce maka guguwar ƙarfin ce ta murɗe su, kuma gwargwadon murɗewar gwargwadon ƙarfin wurin. Na sa hannu a jikin ɗaya: rabinta busasshe ne fari fat, sai wani ziri ɗaya mai rai da ya nannaɗe ta har sama yana ɗauke da ganye. Haka itacen yake rayuwa a tsagar dutse, ga iska ga ƙarancin ruwa, saiwar wani ɓangare ta mutu, ɓangaren jikin da take shayarwa ya bushe, mai ran ya ci gaba da girma a karkace. Irinsu suna nan a murɗe a tuddan yankin nesa da inda aka ce akwai boteks.

Boynton Canyon yana arewa maso yammacin gari, tafiyar minti ashirin a mota. Hanyar da ke shiga cikin kwarin har ƙarshensa kusan kilomita 10 ce zuwa da dawowa, masu yawon boteks ba sa bin ta. Suna ratsewa ne zuwa wata gajeriyar hanya mai suna Boynton Vista, kimanin kilomita 2 zuwa da dawowa, wadda ke ƙarewa tsakanin duwatsu biyu: doguwar hasumiya da ake kira Kachina Woman da wani dunƙulallen tudu a gefenta. A nan ne aka ce namiji da mace suka haɗu. Daga wurin kana hango rufin wani babban otal da aka gina a bakin kwarin.

Wannan kwari shi ne wurin da tsarkinsa ya girmi 1980 nesa ba kusa ba, amma ba da ma'anar da ake tallatawa ba. A labarin asalin ƙabilun Yavapai da Apache, 'yan asalin yankin, lokacin da ruwa ya cinye duniya an sa wata mace a cikin kututturen itace mai rami, ruwa ya kawo ta nan, daga gare ta jama'arsu suka yaɗu. A ƙarshen Fabrairun 1875 sojojin Amurka suka tattara kimanin mutum 1,500 daga cikinsu, suka kora su da ƙafa cikin sanyi ta tsaunuka da koguna zuwa San Carlos, tafiyar kusan kilomita 290, da yawa suka mutu a hanya. Sai bayan shekara 25 wasu suka fara dawowa, suka tarar an rabe ƙasar. Jikokinsu suna nan a kwarin Verde, kuma duk watan Fabrairu suna tunawa da wannan kora. Jagorarmu ta ba da wannan tarihi kafin ta yi zancen boteks, kuma da wannan nake auna jagora. Wanda ya ce maka zai yi maka ibadar mutanen asali a kan kuɗi, ka tambaye shi ɗan wace ƙabila ne kuma wa ya ba shi izini. Kalmar boteks ba tasu ba ce.

A gefen hanya za ka riƙa ganin duwatsu an jera su da'ira da layi biyu sun gitta ta tsakiya, ko an ɗora ƙanana kan manya kamar hasumiya. Baƙi ne ke yi, ma'aikatan daji kuma suna bi suna rushewa. Dalili biyu ne. Tarin duwatsun yana rikita masu tafiya, domin alamar hanya ta hukuma ita ce kwandon waya mai tsayi zuwa ƙugu cike da jajayen duwatsu, wanda ya bi tarin da wani ya yi don nishaɗi yakan tsinci kansa a bakin gangare. Na biyu, mai tsintar duwatsu yana sauka daga hanya ya taka wani baƙin ɓawo mai ƙuraje da ke saman ƙasa. Kamar busasshiyar laka yake, amma rayayye ne, ƙananan halittu ne da ke riƙe ƙasar kada ruwa da iska su kwashe ta, kuma sawu ɗaya yana ɗaukar shekaru kafin ya warke. Ɗaukar ɓallin tukunya ko taɓa zanen da ke jikin kogo a kufan mutanen Sinagua, tsoffin mazauna yankin, irin su Palatki da Honanki, laifi ne a dokar tarayya. Kunna ganyen turare ma yakan shiga cikin haramcin wuta idan rani ya tsananta. A 2014 gobara ta ci sama da eka 21,000 a kwarin Oak Creek da ke arewa da garin.

Wurare biyu da aka ƙara mana a hanyar dawowa na ibada ne sosai. Amitabha Stupa hasumiyar mabiya Buddha ce mai tsayin mita 11, an kammala ta a 2004, shiga kyauta ne, kuma al'adar wurin a kewaye ta sau uku. Na tsaya a inuwa har suka gama. Chapel of the Holy Cross kuwa cocin Katolika ne da aka kafa a tsakanin jajayen duwatsu biyu a 1956, bisa tunanin wata mai sassaƙa, Marguerite Brunswig Staude. Ginin ya cancanci kallo ko daga ƙasa, amma fakin a wurin da rana tsaka wahala ne.

Cathedral Rock ni kaɗai na je washegari, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar bayani. Daga Alhamis zuwa Lahadi ana rufe wurin fakin da ke bakin hanyarsa a titin Back O' Beyond, sai dai ka ajiye mota a tashar da aka tanada a kan hanyar 179 ka hau bas ɗin gari, wanda aka fara a 2022 kuma kyauta ne. Ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kana sauka, domin yana daina aiki da yamma, wanda ya tsaya kallon faɗuwar rana a sama zai dawo da ƙafa cikin duhu. A takarda hanyar ba komai ba ce, ƙasa da kilomita 2 zuwa da dawowa. Amma a cikin wannan ɗan taƙin za ka hau mita 225. Kashi na farko tafiya ce a kan shimfiɗaɗɗen dutse daga kwando zuwa kwando. Daga nan sai ka iso wata tsaga mai tsaye, faɗinta bai fi na mutum ɗaya ba, inda dole ka sa hannu biyu da ƙafa biyu. An sassaƙa 'yan ramuka na sa ƙafa a wasu wuraren, tafin dubban mutane ya goge su sun yi santsi. A nan layi ke taruwa, a nan kuma mutane ke juyawa.

Abin da ke kayar da mutane a wannan tsaga sananne ne. Takalmi mai sumul ɗin ƙasa, ko silifa. Gorar ruwa a hannu maimakon a jakar baya. Yashin da ke kwance a kan dutse, wanda ke mirginawa ƙarƙashin ƙafa kamar gero a kan siminti. Saukowa ta fi hawa haɗari: ka juya ka zauna, ka sauko da mazaunai da tafin hannu, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ka bar mai hawa ya wuce tukuna. Idan an yi ruwa ko ƙanƙara ta kwanta, a bar shi sai wata rana. Doguwar riga da zani ba za su yi ba a nan, mace ta sa wando mai faɗi a ƙarƙashi ta ɗaure gefen hijabinta. Hanyar tana ƙarewa a wani sirdi tsakanin manyan ginshiƙai biyu, inda iska ke ratsowa da ƙarfi har sai ka dafe hula. Awa ɗaya ya ɗauke ni hawa saboda jiran layi, minti arba'in saukowa. Wanda ba zai iya ba ya je wurin shaƙatawa na Crescent Moon a bakin rafin Oak Creek, inda ake ɗaukar hoton dutsen da inuwarsa a ruwa. Kuɗin shiga can daban ne, takardar Red Rock ta yini ba ta aiki.

Bell Rock ya fi sauƙi. Hanyar da ke gindinsa shimfiɗaɗɗiya ce, kana hawa iya inda ƙafarka ta yarda. Matsalarsa ɗaya: sama da rabi alamun hanya suna ƙarewa, matakan dutsen kuma suna yaudara, inda ka hau da sauƙi ba lalle ka iya sauka ta nan ba. Ka riƙa waiwayawa kana haddace inda ka bi.

Ruwa lita ɗaya ga kowace awa ta tafiya idan da zafi, kuma ka juya idan rabinsa ya ƙare. Iskar wurin busasshiya ce irin ta hunturu, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ciwon kai ya sanar da kai. A Yuni da Yuli zafin rana yakan kai digiri 35 zuwa sama, jan dutsen kuma yana mayar da shi fuska. Daga Yuli zuwa Satumba hadari ke haɗuwa da rana tsaka, tsawa tana sauka a kan tuddai, kuma duk wuraren boteks ɗin nan tuddai ne tsirara. Ka ji rugugi, ka sauka. Busasshen rafi yana iya kawo ruwa daga ruwan saman da aka yi can nesa. Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba sun fi daɗi, su ne kuma lokacin cunkoso da tsadar masauki. Akwai maciji mai kacau-kacau a wutsiya da kunama, kada a zura hannu inda ido bai gani ba. Da magariba wata dabba mai kama da gadu takan fito garke-garke har cikin unguwa, a ba ta hanya.

Haɗari mafi girma da aka taɓa gani a wannan kasuwa ba daga dutse ya zo ba. A ranar 8 ga Oktoban 2009, a wani sansani kusa da Sedona, wani mai koyar da gyaran rayuwa, James Arthur Ray, ya shigar da mutum sama da hamsin cikin bukkar sirace da aka rufe ruf, ana zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, bayan wasunsu sun yi yini da rabi ba ci ba sha a daji. Kowannensu ya biya kusan dala dubu goma. Mutum uku suka mutu, a 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ta sakaci ta ɗaure shi shekara biyu. Duk shirin da ya haɗa da hana ruwa, ko zafi a rufaffen wuri, ko shan wani abin da ba a faɗa maka sunansa ba, ko aka ce jiri da amai alamar warkewa ce, ka tashi ka fita ko da ka riga ka biya.

Agogon Sedona ba ya canzawa rani da damina, Najeriya da Nijar suna gaban garin da awa takwas kullum. Alƙibla daga Sedona ba gabas take ba kamar yadda muka saba a gida, tana arewa maso gabas, kimanin digiri 30 daga arewa ta gaskiya, kuma allurar kamfas a yankin tana karkata gabas da kusan digiri 10, sai a cire wannan a lissafi. Mai neman Juma'a akwai masallaci a garin Flagstaff, kimanin kilomita 45 ta hanyar 89A mai kwane-kwane.

Kada ka sa fararen kaya. Ƙurar wurin tsatsa ce, tana kama zare, kuma bilic ƙara zaunar da ita yake yi. A kaɗe ta tun tana busasshiya, a jiƙa wurin da ruwan lemun tsami, a wanke da ruwan sanyi kafin a kai ga dutsen guga. Farar hular da na hau Cathedral Rock da ita har yanzu bakinta ja ne.